Haki ba dalilin kwanciya ba ne: yadda ake horar da mai ciwon huhu ya sake tafiya



Duk shekara in aka gama girbi, sanyi ya fara shigowa, hazo ya rufe gari, kiraye-kirayen da muke samu a filin kiwon lafiya sai su koma kusan iri ɗaya. Wannan ya ce tari ya hana tsohuwarsa barci. Wancan ya bugo daga Libiya ko Abijan, ya ce ya aiko kuɗin magani har sau uku, amma mahaifinsa ko masallacin ƙofar gida ba ya iya kaiwa sai ya tsaya ya dafa bango. Akwai kuma waɗanda suka sha maganin tarin fuka wata shida cur, likita ya ce sun warke, amma har yau in suka jawo guga ɗaya daga rijiya sai sun zauna suna haki. Tambayar kowa guda ce: wane magani ne ya rage da ba a saya ba?

Sau da yawa abin da ya rage ba ƙwaya ba ne, ba allura ba ce. Wani tsari ne na horar da jiki wanda likitoci ke kira réhabilitation respiratoire da Faransanci, mu a nan bari mu ce masa horon numfashi. Ana sa mai ciwon huhu ya riƙa tafiya da motsa gaɓoɓi bisa ƙa'ida, a koya masa yadda zai shaƙi iska ya fitar da ita, yadda zai fitar da kaki, yadda zai yi aiki da maganinsa daidai. Na san da jin haka wani zai ce, mutumin da numfashi ke gagara shi za a ce ya tashi ya yi tafiya? To, shi ɗin fa. Bari mu bi abin daga tushe.

Abin da ke cin huhu a ƙasarmu

Huhu kamar soso yake, cike da ƙananan hanyoyin iska da suka yi rassa kamar itace, kowane reshe ya ƙare da ƴan mitsi-mitsin jakunkuna inda iskar oksijin ke shiga cikin jini. Idan hayaƙi ko ƙura suka yi shekaru suna shiga, hanyoyin sai su kumbura su tsuke, majina ta yi yawa, jakunkunan su saki. Wannan shi ne ciwon da za ku ga lokotoro ya rubuta BPCO a takarda, wato daɗaɗɗiyar toshewar hanyoyin numfashi. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce a shekarar 2021 ya kashe mutum wajen miliyan 3 da rabi, shi ne na huɗu cikin cututtukan da suka fi kisa a duniya.

A ƙasashen Turai an fi danganta shi da taba sigari. A wajenmu ma taba na nan, ga shisha da samari suka runguma. Amma babban abin shi ne murhu. Mace ta fara hura wuta tun tana ƴar shekara goma, da icce, da kara, da kashin shanu, wani lokaci a kunna da leda, cikin madafa marar taga, goyo a baya. Ta yi haka shekara arba'in. A gundumar Masindi ta ƙasar Yuganda, inda su ma da icce ake girki, wani bincike da aka fitar a 2015 ya auna numfashin mutanen karkara da suka haura shekara 30, aka samu kashi 16 cikin 100 suna da wannan ciwo, kuma matan ba su gaza mazan ba, alhali yawancinsu ba su taɓa sa sigari a baki ba.

Na biyu shi ne tarin fuka da ya warke ya bar tabo. Maganin wata shida yana kashe ƙwayar cutar, amma inda ta ci ta ci. Wani huhunsa ya ƙanƙance, wani hanyoyin iskarsa sun buɗe sun zama kamar rami inda kaki ke taruwa. Irin waɗannan mutane su ne aka fi wahalarwa: ana ta ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta, wani ma a gida a ci gaba da ware masa kwano da moɗa, alhali awon kaki ya nuna babu sauran cutar. Wanda aka tabbatar ya warke ba ya ɗaukar wa kowa komai. BPCO ma ba a ɗaukarsa, asma ma haka.

Na uku sabo ne a gare mu. Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, dubban samari daga Maraɗi, Damagaram da Tawa suka tafi haƙa, daga baya kuma ga ta nan kusa a yankin Ɗan Isa. Ƙurar dutsen da ake fasawa ko ake niƙawa a bushe tana da wasu ƙananan ɓarɓashi masu kaifi da ke maƙalewa a huhu, su sa ya yi tauri. Ciwon ba ya nunawa nan take. Saurayi ya dawo gida da babur da salula, bayan wasu shekaru ya fara haki. Kuma huhun da wannan ƙura ta taɓa ya fi saurin kamuwa da tarin fuka. Rawani ko ƙyalle a hanci ba ya tare irin wannan ƙura, jiƙa dutsen da ruwa kafin fasawa ya fi tasiri.

Sai a ɗora hazon hunturu a kai, wanda iska ke kwaso mafi yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, da ƙaiƙayin sussuka da shiƙa, da ƙurar injin niƙa. Shi ya sa daga Nuwamba zuwa Fabrairu ciwon ke tashi.

Inda ƙauna ke yin ɓarna

Yanzu ga wurin da nake son a saurara da kyau, domin duk maganar a nan take.

Mutum ya fara haki in ya yi tafiya mai nisa. Abin yana ba da tsoro, wanda bai taɓa jin numfashinsa ya sarƙe ba ba zai gane ba. Sai ya rage tafiya. Ya bar zuwa kasuwar ƙauyen gaba, ya bar gona mai nisa. Mu kuma ƴaƴa da surukai, don tarbiyya da tausayi, sai mu ce: Baba zauna, ka huta, yara za su yi. Inna kar ki tashi, ga buta nan an kawo miki. Wata uku, wata shida, tsohon yana bisa tabarma.

To tsokar ƙafa in ba ta aiki narkewa take yi, kuma da sauri. Tsokar da ta yi rauni ta fi cin iska: aikin da a da take yi da oksijin kaɗan, yanzu sai ta buƙaci mai yawa, kuma tana saurin tara gajiya, jiki ya tilasta wa huhu ya ƙara gudu. Ke nan tafiyar da a bara ba ta sa shi haki, bana tana sa shi. Sai ya ƙara jin tsoro, ya ƙara zama, tsoka ta ƙara narkewa. Haka abin ke ta zagayawa har mutum ya kasa zuwa bayan gida sai an riƙe shi. Iyali su ce ciwon huhun ne ya ci gaba. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa in aka auna huhun, bai canza sosai ba daga yadda yake bara, ƙafafun ne suka tafi.

Na ga wannan a gidanmu. Wata gwaggota ta yi sama da shekara talatin tana suyar ƙosai a bakin hanya, fuskarta cikin hayaƙi tun asuba. Da haki ya kama ta muka raba ta da kaskon, wannan daidai ne. Amma sai muka raba ta da komai: shara, zuwa suna, zuwa gaisuwar rasuwa, har ɗebo ruwan alwala. Mu a ganinmu gata muke yi mata. Cikin shekara guda matar da ke ɗaukar ƙullu a ka ta koma sai an ɗaga ta. Wani ma'aikacin lafiya ne ya yi mana faɗa, ya ce ku ne kuke kwantar da ita. Na ji zafin maganar a ranar, amma gaskiya ya faɗa.

Horon numfashi an yi shi ne don ya tsinka wannan zagaye. Ba ya mai da huhu sabo, wannan a faɗe shi tun farko don kar wani ya ce rediyo ta yaudare shi. Tabo yana nan, hanyar da ta tsuke tana nan. Abin da yake gyarawa shi ne tsoka, da zuciya, da tsoro. Da huhun nan dai nasa, mutum sai ya iya yin aikin da ya gagare shi.

Yadda ake yin sa a asibiti

A inda tsarin ya kafu, kamar Faransa da Ingila, ana tara majinyata ƙungiya-ƙungiya, su zo sau biyu ko uku a mako, na tsawon mako 6 zuwa 12. Mai kula da su galibi likitan motsa gaɓoɓi ne, wanda muke ce wa kine. Ranar farko ana yin wani awo mai sauƙi: a shata layi mai tsawon mita 30, a ce mutum ya yi ta kai da kawowa na minti 6, in ya gaji ya tsaya ya huta ya ci gaba, a ƙidaya mita nawa ya yi. In an gama horon a sake awon.

A 2015 masana na ƙungiyar Cochrane, masu tattara sakamakon binciken likitanci, sun haɗa gwaje-gwaje 65 da aka yi kan masu BPCO sama da 3,800. Suka samu waɗanda aka horar sun ƙara kimanin mita 44 a tafiyar minti 6 bisa waɗanda ba a horar ba, hakinsu ya ragu, gajiya ta ragu, hankalinsu ya fi kwanciya. Mita 44 kamar ba wani abu ba ne ga mai lafiya. Ga tsohon da masallaci ke gagara, shi ne bambancin sallar jam'i da sallar ɗaki. An kuma ga cewa wanda ciwon ya tasar masa har aka kwantar da shi, in ya fara horon cikin mako huɗu da sallama, bai cika saurin komawa gadon asibiti ba.

Kar a ce wannan sai Turai mai kekunan motsa jiki. A asibitin Mulago da ke Kampala, a Yugandar nan dai, an gwada shi kan mutanen da suka warke daga tarin fuka amma huhunsu ya lalace: sau biyu a mako, mako 6, da kayan aiki marasa tsada. Tafiyarsu ta ƙaru, ciwon ƙirjin da wasunsu ke kuka da shi ya ragu. Ni a ganina abin da ya hana a ga irin wannan a kowace CSI tamu ba kuɗin inji ba ne. Fili ne, da benci, da agogo, da ma'aikaci ɗaya da aka koya wa. Kafin hukumomi su kai can, akwai abin da gida zai iya farawa.

Amma a fara zuwa likita

Ba kowane haki ba ne na huhu. Ƙarancin jini na sa haki. Ciwon zuciya na sa haki, musamman in ƙafafu na kumbura ko mutum ba ya iya kwanciya sai an tara masa matasai. Mai jego da haki da kumburi suka kama bayan haihuwa, wannan a ƙasar Hausa sanannen abu ne, zuciya ce, a gaggauta kai ta asibiti, ba maganar motsa jiki ba ce. Wanda kuma ke tari sama da mako biyu, da zazzaɓin dare, da rama, ko jini cikin kaki, a yi awon kaki tukuna, ko da ya taɓa shan maganin tarin fuka, don yana iya dawowa. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

In lokotoro ya duba, ya auna hawan jini, ya saurari ƙirji, wataƙila ya sa a yi hoton ƙirji (wanda su ma radiyo suke ce masa, amma ba irin tamu ba), ku tambaye shi kai tsaye: an yarda ya riƙa tafiya? Akwai wani awo na musamman da ake hura iska da ƙarfi cikin wani bututu, shi ke tabbatar da BPCO, sai dai ba a kowane asibiti ake samunsa ba, an fi dacewa da shi a manyan birane. In kuna kusa da asibitin da ke da sashen kine, ku nemi a tura ku ko sau biyu ne, a nuna muku da ido.

Tafiya, ita ce gishirin abin

A zaɓi wuri shimfiɗaɗɗe, ba yashi mai zurfi ba. Tsakar gida ma ta isa, don haka matar da ba ta fita ba ta da uzuri, mijinta ma ba shi da shi. A sa alama biyu, misali daga bakin zaure zuwa gindin bedi. A kunna agogon salula, a ga sau nawa zai je ya dawo cikin minti 6, a rubuta a bango ko a littafin ɗan lakwal. Wannan shi ne ma'auninku.

Daga nan a fara da abin da zai iya. In minti 5 ne, to minti 5, sau biyu ko uku a wuni. Bayan kwana uku ko huɗu a ƙara minti ɗaya. Inda ake son kaiwa shi ne minti 20 zuwa 30, kwana huɗu ko biyar a mako, ko da da tsayawa a tsakani. Tsayawa ba faɗuwa ba ce, a cikin tsarin take.

Yaya za a san an yi daidai? Dole a yi haki. Wannan shi ne abin da ke da wuyar karɓa ga iyali. In babu haki ko kaɗan, tsoka ba ta koyon komai. A asibiti ana ba majinyaci ma'auni daga 0 zuwa 10, a ce ya tsaya wajen 3 ko 4. A gida ga hanya mai sauƙi: mai rakiya ya riƙa jan sa da hira. In yana iya amsa gaisuwa da gajerun kalmomi, lafiya lau, da godiya, to daidai ne. In yana iya zuba labari ba tsayawa, a ƙara sauri. In ko kalma ɗaya ta gagara, a tsaya a huta. Irin wannan haki na aiki ba ya ƙara lalata huhu, kuma yana lafawa cikin ƴan mintoci.

Abin da za a tsaya dominsa nan take a nemi likita daban ne: ciwo ko nauyi a ƙirji, jiri, zuciya na bugawa barkatai, leɓe ko farce ya yi shuɗi-shuɗi, jini a kaki, ko hakin da ya ƙi lafawa bayan an huta. Ranar zazzaɓi ko ranar da kaki ya canza launi ya ƙaru, ba a yin horo, asibiti ake zuwa.

Lokaci ma a duba. Da hunturu, sassafe akwai sanyi mai tada tari, sai hantsi ya ɗaga. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a ganin ƙarshen layi, a yi a cikin ɗaki ko zaure. Da bazara kuwa sai bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, da ruwan sha a kusa. Wanda aka rubuta wa maganin shaƙa mai buɗe hanya, ya tafi da shi cikin aljihu.

Bayan tafiya sai ƙarfafa cinya da hannu, kwana biyu ko uku a mako. A sami kujera mai tsayi ko benci, ba kujerar tsuguno ba, a jingina ta da bango. Ya zauna ya tashi, ya zauna ya tashi, sau biyar da farko, a hankali a kai goma, a huta, a sake. Don hannu, buteli na rabin lita cike da ruwa nauyinsa rabin kilo ne: ɗaya a kowane hannu, a ɗaga zuwa kafaɗa a sauke. In ya yi sauƙi a zuba yashi a madadin ruwa. Kar a raina na hannun nan, domin masu ciwon huhu sun fi shan wuya a aikin da ake ɗaga hannu sama, kamar shanya, ɗaura ɗankwali ko sa riga. Ƙa'ida ɗaya: a fitar da numfashi lokacin da ake yunƙurin, kar a riƙe shi.

Fitar da iska ya fi shigar da ita wuya

Mai BPCO yana jin kamar iska ce ba ta shiga. A gaskiya tsohuwar iskar ce ba ta gama fita ba. Hanyoyin sun saki, in ya fitar da numfashi da sauri sai su manne, iska ta maƙale a ciki, sabuwa ta rasa wuri. Shi kuma don tsoro sai ya ƙara ja da sauri, ƙirji ya ƙara cika.

Dabarar ita ce: a shaƙa ta hanci ana ƙirga ɗaya, biyu. A tsuke leɓe kamar mai hura koko mai zafi, a fitar a hankali ana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ba da ƙarfi ba. Tsuke leɓen na sa iskar ta ɗan tokare daga ciki, ta riƙe hanyoyin a buɗe har ta fita. A koya a zaune lokacin da jiki ke lafiya, sannan a haɗa da tafiya: taku biyu shaƙa, taku huɗu fitarwa.

In numfashi ya sarƙe, kar a kwantar da mutum rigingine, kuma kar a taru a kansa ana salati ana kuka, tsoronku na ƙara nasa. Ya zauna ya sunkuya gaba, ya dafa gwiwoyi ko ya ɗora hannu bisa turmi, kafaɗu a sake. In a tsaye yake ya dafa gwiwa kamar mai ruku'u, ko ya jingina da bango. A yi masa fifita a fuska da mafici. Iskar da ke bugun fuska tana rage jin sarƙewar, har a asibitocin Turai ana ba majinyata ƴar fanka ta hannu don haka.

Masu yawan kaki, musamman bayan tarin fuka, tari mai ƙarfi na gajiyar da su ba tare da ya fitar da komai ba. Abin da ake koya musu: a ja numfashi mai zurfi sau uku a natse, sannan a buɗe baki a huro iska daga ƙirji kamar mai son madubi ya yi gumi, sau ɗaya ko biyu. Kakin zai hau sama, sai a yi tari ɗaya ya fito. Safe da yamma, a waje, a tofa cikin gwangwani mai toka a rufe. Shan isasshen ruwa na sa kakin ya yi laushi.

Sai maganin shaƙa, ɗan famfon nan irin Ventoline. Mutane da yawa suna fesa shi a harshe su haɗiye, su ce ba ya aiki. A girgiza shi, a fitar da numfashi, a fara shaƙa a hankali sannan a danna, a riƙe numfashi kamar daƙiƙa 10 in za a iya. Wanda haɗa dannawa da shaƙa ke gagara, akwai wani bututu da ake sawa tsakanin famfon da baki. A Afirka ta Kudu likitocin yara sun nuna butelin roba na rabin lita da aka huda gindinsa daidai bakin famfon yana yin wannan aiki. Ku roƙi majo na CSI ya nuna muku. Kuma maganar da ake yaɗawa wai wanda ya fara famfo ya saba ke nan har abada, ba ta da tushe.

Hayaƙi da tukunya

Ba a yin horo da safe a koma cikin hayaƙi da yamma. Mai shan taba ya bari, babu wani abu da ke rage saurin lalacewar huhu kamar wannan, ko a shekara nawa. Girki a fitar da shi fili ko rumfa mai shan iska, da busasshen icce, ba leda. Murhu irin Mai Sauƙi na rage cin icce, amma hayaƙi bai ƙare ba, gaz ya fi. Kaskon wuta a ɗaki rufe da sanyi, turaren wuta mai yawa, da maganin sauro na ƙonawa, duk a nisanta su da majinyaci, gidan sauro ya wadatar.

Abinci kuma: numfashi da wahala aiki ne mai cin jiki, shi ya sa da yawansu ke ramewa, kuma ba a gina tsoka da farau-farau. Wake, awara, ƙuli-ƙuli, ƙwai, nono cikin fura, zogale, kifi, har fara in lokacinta ne. Sai dai cika ciki tim na tokare huhu daga ƙasa, gara kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar.

Ga ƴan uwa da ke waje

Ku da ke Aljeriya, Libiya, Legas, Kumasi, Abijan, Faransa ko Amurka, mun san ba ku da abin yi sai aike da waya. Abin da na lura shi ne kuɗin yakan tafi ga ƙarin ruwa da allurai da sirop kala-kala daga mai tallar magani a kasuwa, saboda su ne ake gani a ce an yi wani abu. In da za a karkata su, sai in ce: kuɗin mota zuwa asibitin da za a duba shi da kyau, maganin shaƙa da ba zai yanke ba, butelin gaz da kuɗin cika shi, da ɗan abin da za a ba jika ko ƙane da zai riƙa rakiyar tafiya kullum. Akwai kuma ƴar na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana nuna yawan oksijin a jini. In kun aiko da ita, a kai wa likita ya faɗi lambar da ta dace da majinyacinku. Galibi in ta sauka ƙasa da 88 ana cikin tafiya, a tsaya a huta, in kuma a zaune ma tana ƙasa da 90, a sanar da likita.

In kun kira ta WhatsApp, maimakon Baba yaya jiki, ka dai huta, ku ce: Baba, yau sau nawa ka kai gindin bedi? Tsofaffinmu na son a ce sun yi ƙoƙari kamar kowa. Wani dattijon kunya ce ke hana shi, kar a gan shi yana zagaye ba dalili a ce ya zautu. To a ba tafiyar dalili: zuwa masallaci, duba dabbobi, kai wa aboki goro. In akwai masu irin ciwon biyu ko uku a unguwa su haɗu su riƙa yi tare, ya fi ɗorewa.

Mako biyun farko su ne masu wuya, cinya za ta yi tsami, majinyaci zai ce abin ƙara masa ciwo yake. Yawanci sai wajen mako na huɗu zuwa na shida ake ganin bambanci. A ranar da aka cika mako 6 a sake awon minti 6 ɗin nan a wuri ɗaya, a gwada da lambar da ke bango. Kuma in aka daina, ƙarfin da aka samu yana zubewa cikin watanni, don haka bayan kowace rashin lafiya ko kwanciya asibiti sai a koma baya kaɗan a sake hawa. Gwaggon tawa ta yi haka sau biyu a hunturun bara. Har yanzu tana haki, famfonta na ƙulle a bakin zane, amma da ƙafarta take zuwa gidan ƴarta a ƙarshen layi, tana tsayawa sau ɗaya a wajen mai injin markaɗe.